Ƙamus ɗin Cambridge na intanet da kalmar summarize

Gaskiya duk mai koyon Turanci ya kamata ya riƙa leƙa ƙamus ɗin Cambridge na intanet, kyauta ne kuma ba sai kayi rajista ba. Ku duba yadda suka yi bayanin summarize kawai, sun nuna cewa aikatau ne, ma'anarsa ka taƙaita magana ko rubutu ka kawo muhimman bayanan a gajarce, sannan ga misalai na jimloli a ƙasa wanda su ne ma suka fi burge ni don a nan zaka ga yadda ake amfani da kalmar, kamar a ce summarize the report wato taƙaita rahoton, ko kuma mutum ya fara da to summarize idan zai naɗe jawabinsa.

Akwai ɗan hoton lasifika guda 2, ka danna ɗaya kaji furucin Ingila ɗayan kuma na Amurka. Sun kuma nuna ƴan Ingila na rubuta shi summarise da s, to kar wani ya ɗauka kuskure ne, duka biyun daidai suke. Sunan da kalmar ta samo asali daga gare shi shi ne summary.

Ɗalibai da yawa na haɗa summarize da paraphrase alhali shi paraphrase sake faɗin abu ne da wasu kalmomin, tsawon na iya zama ɗaya, ku bincika su biyun a jere zaku ga bambancin ƙarara.

Sai dai bayanin Turanci ne zuwa Turanci, sabon ɗan koyo sai yayi haƙuri ya bi a hankali, kuma dole sai da data.