Dikoda, waya ko gidan kallo: wanne zai kai ka ƙarshen kakar wasa a Kano?

Duk wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari neman dikoda, tambayarsa ta farko ita ce "Alhaji, nawa ne?" Mai shago zai lissafa masa kuɗin akwati da dish da waya, har ya yi masa ragi. Sai dai wannan kuɗin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da zai kashe. Gasar Firimiya ta Ingila tana farawa a Agusta, ba ta ƙarewa sai Mayu, wata goma ke nan ana biya. Don haka kafin ka taya dikoda, ka fara sanin gasar da kake bi, da kamfanin da ke da haƙƙin haska ta a Najeriya, da abin da aljihunka zai iya fitarwa duk wata har a ɗaga kofi.

Tsadar tana da tushe. A Disambar 2023 hukumar Firimiya ta sayar wa Sky da TNT haƙƙin haska wasanninta a cikin Birtaniya kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu, ban da abin da take karɓa daga sauran ƙasashen duniya. A yankinmu SuperSport ne ke saye, wato sashen wasanni na kamfanin MultiChoice mai DStv da GOtv, wanda Canal+ na Faransa ya mallaka a 2025. Da kuɗin waje suke biya, mu kuma da naira muke biyansu. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500, farashin ya yi ta hawa. Amma akwai wata riba da ba kowa ya sani ba: a Ingila ba a haska wasa kai tsaye tsakanin ƙarfe 2:45 da 5:15 na yammacin Asabar, domin mutane su je fili. Mutumin Kurna yana iya kallon duk wasanni 380 na kaka, har da waɗanda mazaunin Manchester ba zai gani a talabijin ɗinsa ba.

Idan Firimiya ce damuwarka, zaɓin na tsakanin DStv da GOtv ne. A farashin da aka sanar a Maris 2025, tsarin Compact na DStv naira 19,000 ne a wata, Compact Plus 30,000, Premium 44,500. A GOtv kuma Supa Plus, wanda shi ne mai tashar Firimiya, 16,800. Ka tambayi na yau kafin ka biya, domin ba ya zama wuri ɗaya. Premium dai ba na mai ƙwallo ba ne. Ƙarin kuɗin na fina-finai ne da wasu wasanni irin su tseren mota, in ba ka da ruwa da su kada ka kula shi. Inda ya kamata ka tsaya ka yi tunani shi ne tsakanin Compact da Compact Plus, saboda Gasar Zakarun Turai. A ƙananan tsare-tsare zaɓaɓɓun wasanni ake ba ka, kuma ba kai ke zaɓa ba. Ranar Talata ana iya sa Real Madrid alhali kai Arsenal kake jira. Bambancin 11,000 a wata ba ƙaramin abu ba ne a jihar da mafi ƙarancin albashi yake 71,000. A ganina, wanda ƙungiyarsa ba ta cikin gasar a bana ba shi da dalilin hawa sama. Wanda tasa take ciki kuma zai iya zama a Compact, ya hau Compact Plus daga Fabrairu lokacin da aka shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, ya sauko bayan wasan ƙarshe. Ba a ɗaure kowa da tsari ɗaya ba.

GOtv eriya yake amfani da ita, ba dish ba, kuma kayansa sun fi araha. Ga ɗan haya wannan babban abu ne: ranar tashi ka kwance sandarka ka tafi, ba sai ka nemi mai haɗawa ba. Matsalarsa ita ce sabis ɗin ya dogara da nisanka da turken da ke watsawa da kuma ginin da ke gabanka. Kafin ka saya, leƙa gidan maƙwabcin da ke da shi ka ga yadda hoton yake a layinku. Dish kuwa yana kamawa ko'ina, har ƙauye, amma hadarin Agusta yana ɗauke shi, iska kuma tana karkatar da shi in ba a ɗaure da kyau ba. Lokacin da mai haɗawa yake kan rufi yana juya shi, kai ka tsaya gaban talabijin ka duba ma'aunin ingancin sigina. Kada ka sallame shi don kawai hoto ya fito, sai ma'aunin ya cika sosai kuma ya ƙara matse kusoshin.

StarTimes, kamfanin China da ya shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana karɓar biyan rana ko na mako, abin da ya dace da mai samun yau da gobe. Tun 2015 aka san shi da Bundesliga ta Jamus, a 2023 kuma ya ƙulla yarjejeniyar haska gasar cikin gida ta NPFL. Ga masoyin Sai Masu Gida da ke son ganin Pillars idan sun fita waje, wannan ya zama abin dubawa a lokacin, ko da yake ba kowane wasa aka haska ba. Amma kada wani ya ce maka "akwai ƙwallo a ciki" ka ɗauka Firimiya ce. Ka ce ya nuna maka jadawalin wannan makon. Haƙƙin haskawa yana sauya hannu bayan 'yan shekaru. Manya za su tuna HiTV, wanda ya karɓe Firimiya a 2007, ya rasa ta a 2010, ba da jimawa ba ya durƙushe, aka bar mutane da akwatuna a kan kanta.

Sai beIN Sports na Qatar, wanda Kanawa da yawa ke so saboda sharhin Larabci irin na Issam Chaouali da Hafid Derradji. Gaskiyar magana, haƙƙinsa na Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka ne, Najeriya ba ta ciki. Yana buƙatar babban dish, biyan kuɗinsa ta hannun wani dillali ne, kuma ranar da kati ya tsaya babu ofishin da za ka kai kuka. Haka katin Canal+ da ake shigowa da shi daga Maraɗi, don Nijar aka sayar da shi, sharhinsa kuma da Faransanci. Ban ba wanda kuɗinsa ke da iyaka shawarar ya jingina da su ba.

Ƙananan akwatunan intanet da ake tallata wa "tasha dubu, biya sau ɗaya" kuwa, kayan sata ne, kuma araha ba ta ado. Suna tsayawa ne daidai lokacin babban wasa, sa'ad da kowa ya hau. Shafukan kyauta na waya ma haka, ga tallan caca da hotunan banza da ke faɗowa a gaban yara. Ko ta halastacciyar manhaja kake kallo, ka sa kuɗin data a lissafi: wasa ɗaya yana cin giga ɗaya zuwa biyu gwargwadon kyan hoto, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farashin kira da data. Hoton intanet kuma yana makara, za ka ji ihun unguwa kafin ƙwallon ta shiga a wayarka.

Duk wannan lissafin banza ne in babu wuta. Kuɗin wata yana tafiya ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Talabijin ɗin zamani mai inci 32 da dikoda ba sa jan wuta sosai, ƙaramin batir da inbata da farantin sola ɗaya za su riƙe su wasa biyu. Wanda ba shi da wannan, ya fara tara kuɗinsa kafin ya yi maganar Compact Plus, don man janareto na awa biyu sau uku a mako zai iya kamo kuɗin watan dikodar.

Shi ya sa ban raina gidan kallo. Allo a ƙofa an rubuta wasannin yau da alli, benci a jere, talabijin uku kowanne da wasansa, mai gida yana bi layi-layi yana karɓar kuɗi kafin a tafi hutun rabin lokaci. Wanda ƙungiya ɗaya kawai yake bi, wasa huɗu zuwa takwas ne a wata, kuma abin da zai biya ba zai kai rabin kuɗin Supa Plus ba, wuta kuma ba matsalarsa ba ce. Abin da zai jure shi ne zafi, da hayaƙin taba a wasu wuraren, da musun da kan zama faɗa, da dawowa gida bayan sha ɗaya a daren Zakarun Turai. Magidanci mai 'ya'ya matasa gara ya sa a gida ya san inda suke. In gida babba ne, 'yan'uwa uku su haɗa kuɗi a sa a zaure.

Ka kuma duba agogo kafin ka yanke. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris Kano tana gaban Ingila da awa ɗaya: wasan ƙarfe uku nasu ƙarfe huɗu ne a nan, na biyar da rabi kuma yana faɗowa shida da rabi, dab da Magariba. Ɗan kasuwar Kwari da ba ya rufe shago sai yamma ba zai ga yawancin wasannin Asabar ba ko da ya biya. Irinsa wasan Lahadi da na dare ne rabonsa, kuma a kan waɗannan kaɗai ya kamata ya yi lissafin abin da zai saya.