Sharhi: Mataccen firji da na'urar W1209 a aikin ƙyanƙyasar ƙwai

Duk mai kiwon kaji ko zabi da ke da mataccen firji a gida, kada ya yi saurin miƙa wa 'yan gwangwan. Da nawa na haɗa injin ƙyanƙyasa, ya ratsa hunturu da bazara yana aiki, shi ya sa zan iya faɗin inda ya yi da inda ya gaza.

Shi kansa firjin ba ni da ƙorafi a kansa. Kumfar da ke cikin bangonsa, wadda aka yi don riƙe sanyi, haka take riƙe zafi, robar bakin ƙofa kuma ta toshe ko'ina. Har toshewar ta yi yawa, domin ƙwai yana numfashi. Dole a huda ƙananan ƙofofin iska sama da ƙasa, bayan mai gyaran firji ya cire kwampureso. Na sa fankar kwamfuta da kwan fitilar mota guda biyu masu ba da zafi, saboda in ɗaya ya ƙone cikin dare ɗayan ya riƙe. Kwan LED kam ba ya wannan aikin, haske ne da shi ba zafi.

Abin da na saya sabo shi ne W1209, ɗan ƙaramin allo mai kunna fitila da kashe ta gwargwadon zafin da ya ji. Da wutar 12V yake aiki, wannan ne babban alherinsa a wurinmu: batir da farantin sola sun ishe shi, ko an ɗauke wuta ba ruwansa. Sai dai yadda ya zo daga kamfani bai dace da ƙwai ba. A kan sanyaya yake zuwa, sai ka shiga saitinsa mai suna P0 ka mayar da shi H, wato ɗumamawa. Tazarar da ke saitin P1 kuma, wato bambancin zafi tsakanin kashe fitila da sake kunna ta, digiri 2 ce, alhali ƙwan kaza 37.5 yake so a injin da ke da fanka. Na rage ta zuwa 0.3. Sannan kada ka yarda da lambar da yake nunawa sai ka gwada ta da ma'aunin zafi irin na asibiti, a daidai tsayin ƙwan, in da bambanci ka gyara a saitin P4. Mai sayarwa ba zai gaya maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, wataƙila shi ma bai sani ba.

Inda ya gaza shi ne bazara. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, W1209 zai kashe fitila ya zauna yana kallo, don makunni ɗaya gare shi. Ƙwan da ya fara rai shi ma yana fitar da nasa zafin, musamman a makon ƙarshe, firji kuma ya riƙe shi gam. Sanyin 'yan sa'o'i kan jinkirta ƙyanƙyasa ne, amma zafi ya wuce kima ya daɗe, baragurbi za ka kwasa. Dabarata ita ce ajiye firjin a ɗaki mafi sanyi da ƙara buɗe ƙofofin iska da rana. Mai hali ya nemi STC-1000, wadda ke da makunni biyu, na fitila da na fankar fitar da zafi.

Danshi kuwa na'urar ba ta san da shi ba sam. Ana son kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, a ɗaga zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe. Da hunturu farantin ruwa ɗaya ba ya kaiwa, sai da soso a ciki, in ba haka ba fatar cikin ƙwan ta bushe ta manne wa ɗan tsako. Sayi ma'aunin danshi daban.

Juya ƙwai da hannu nake yi, sau uku zuwa biyar a yini, in daina a kwana na 18. Wasu na ciro ɗan injin da ke juya faranti a cikin mataccen microwave su haɗa majuyi da shi. Yana yi, amma wutar gida yake ci, ba ta batir ba. Kuma a bar wa mai gyara ya buɗe microwave ɗin, akwai kafasito a ciki da kan riƙe wutar da za ta iya kisa ko an zare soket.

Wanda ya fi cin moriyar wannan haɗi, a ganina, mai zabi ne. Zabuwa ba ta cika zama kan kwanci a gida ba, ga ƙwai birjik da damina, lokacin da zafi ya sauka kuma iska ke da danshi. Nata kwana 26 zuwa 28 ne kafin ya ƙyanƙyashe, na kaza kuwa 21, don haka kada a zuba shi rana ɗaya da na kaza a tire guda. A sa ƙwan da bai wuce mako da sakawa ba, a haska shi da tocila a kwana na 7 zuwa 10, a fitar da wanda babu jijiya a cikinsa.