Boss RC-505 MkII a hannun ƙaramar ƙungiyar kiɗa a Sakkwato

Ƙungiyar mutum uku, mawaƙi da mai piyano da mai kalangu, takan rasa abu biyu a wurin biki: 'yan amshi da kaurin kiɗa. Wannan giɓin ne lufa take cikewa. Na'ura ce da ke ɗaukar abin da aka kaɗa ko aka rera nan take, ta riƙa maimaita shi, kai kuma kana ɗora wani a kai. RC-505 MkII, lufar kamfanin Boss, ta fito a 2021, kuma ga irin wannan ƙungiya ita ce za mu fara nunawa, amma da sharuɗɗa.

Layukan ɗaukar sauti biyar gare ta, kowane da maɓallinsa babba da sandar ƙara ko rage sauti. Tana da ramin makirufo biyu, da wurin shigar kayan kiɗa guda biyu na hagu da dama, da ma'ajiya 99 da ke cin kusan awa 13 gaba ɗaya. Abin da ya fi waɗannan duka daraja shi ne mafitar sauti uku: MAIN, SUB 1 da SUB 2. Da su za ka aika waƙa ga jama'a, ka aika bugun ƙidaya ga kunnen makaɗi shi kaɗai.

Wajen haɗawa ne yawanci ake kwafsawa. Kada a ɗauki mafitar miksa (na'urar haɗa sautuka) gaba ɗaya a zuba cikin lufa. A yi amfani da AUX, wato mafitar gefe ta miksa da ke aika zaɓaɓɓun sautuka kawai: makirufon mawaƙi da na kalangu su shiga miksa kamar kullum, a buɗe musu AUX, waya ta tashi daga nan zuwa INST 1, wurin shigar kayan kiɗa na farko a jikin lufa. Daga MAIN na lufa a dawo da sauti cikin wani layi na miksa, a tabbata AUX na wannan layin yana kan sifili. In aka manta, lufa za ta riƙa cin abin da ta amayar, lasifika ta kwarma ihun da zai sa 'yan biki toshe kunne. A kuma shiga ROUTING a saitin lufa a hana sautin INST 1 wucewa kai tsaye zuwa MAIN, in ba haka ba muryar mawaƙi za ta fito sau biyu, ta yi kamar daga cikin randa.

Sai matsalar da ba a ganinta sai an yi nisa. Makirufo ba ya zaɓe. Duk ɗorin da aka yi, yana kwasar abin da lasifikar ƙasa, wadda makaɗa ke jin kansu da ita, ke fitarwa ya sake sa shi cikin layin. Ɗori na farko tsaf, na huɗu ya zama kunu. Maganinsa makirufo irin Shure SM58, baki dab da shi, bayansa yana kallon lasifika. Mafi kyau ma a kashe lasifikar ƙasa kowa ya sa abin ji a kunne. Makirufon situdiyo mai jin motsin ƙuda ba na fili ba ne, ko da yake na'urar tana iya ba shi wutar da yake bukata.

Mai kalangu shi ne zai fi shan wuya, kuma ba laifinsa ba ne. Kiɗanmu numfashi yake yi. Makaɗi yana bin mawaƙi, in an zo kirari ya ja baya, in fili ya ɗau zafi ya ƙara wuta. Lufa ba ta san wannan ba. Gaɓa huɗu, kowace mai bugu huɗu, a gudun bugu 100 a minti daƙiƙa 9.6 ne, kuma haka za ta maimaita har a tashi. In hannun da ya rufe zagayen farko ya makara da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, bayan zagaye ashirin an rabu da gangar da piyano ke kaɗawa da kansa da daƙiƙa ɗaya cur. Don haka a sa gudun tun kafin a fara, a kunna LOOP SYNC a kan layuka duka don su tafi tare, a bar QUANTIZE ya daidaita farko da ƙarshen ɗauka. Kiɗan da ke tafiya uku-uku a sa masa 6/8, kada a matsa shi cikin 4/4. Shawararmu a ɗauki abin da ba ya motsi, wato ƙwarya ko tafi, da bas (kiɗa mai kaurin sauti), da amshi, a bar kalangu a sake yana magana a kai. Ɗaure kalangu cikin lufa asara ce.

Tsarin da ke aiki: layi na 1 bugun tushe, na 2 bas, na 3 piyano, na 4 amshi, na 5 a bar shi fanko don abin da ya taso. Amshi murya uku ya isa. Mawaƙi ya rera sau ɗaya, ya ɗora ta sama, ya ɗora ta ƙasa, sai ka ji kamar mutum uku ne tsaye bayansa.

Inda take cizo: ta hannu ce, a kan tebur ake ɗora ta. Mai gurmi ko jita ba shi da hannun da zai danna. Ko dai a sayo maɓallin ƙafa FS-6 ko FS-7 da wayar jak mai zobe biyu, ko a koma ga RC-600, 'yar'uwarta da ake ajiyewa a ƙasa, mai layuka shida da maɓallan ƙafa tara. Allonta ƙarami ne, saitin kuma shiga-ciki-shiga-ciki, sai an ba shi kwanaki. Mai son piyano ya bi gudunta ta MIDI, wato hanyar da kayan kiɗa ke aika wa juna umarni, ya duba bayan piyanonsa ko akwai ramin MIDI tukuna, don ƙananan Yamaha PSR-E na yanzu USB kawai gare su.

Ba ta da batir. In an ɗauke wuta, duk abin da ba a adana da WRITE ba ya tafi, kuma 'yan daƙiƙun da ake juyawa zuwa janareta sun isa. Ƙaramin UPS na kwamfuta, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ya wadatar da ita da miksa. In aka ji gurnani a lasifika, yawanci an jona lufa da miksa a soket daban-daban ne. A haɗa su a wuri ɗaya, in ya ƙi a sa akwatin DI, ƙaramin akwati da ake sawa tsakanin lufa da miksa, a kunna maɓallinsa na GROUND LIFT. Lokacin hunturu ƙura na shiga sandunan sauti su fara ƙarar yashi, a riƙa rufe ta da kyalle. A Afrilu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, kada a bar ta cikin but ɗin mota.

Masu laftof za su ce ga Ableton Live, manhajar haɗa kiɗa. Gaskiya ta fi faɗi: layuka da yawa, ga lufarta mai suna Looper a ciki, ga damar gyara aikin bayan an tashi. Amma sai an haɗa da akwatin sauti irin Focusrite Scarlett 4i4, da ASIO, manhajar da ke haɗa akwatin da laftof, in Windows ce, da abin takawa irin Behringer FCB1010, wanda ta MIDI kawai ake haɗa shi da laftof. Sai kuma jinkiri. A saitin ɗauka na 48 kHz, bafa (yawan sautin da laftof ke tarawa kafin ta sarrafa) 128 na jawo milisakan 2.7 a shiga, kwatankwacinsa a fita, kunne ba ya damuwa. A 512 ya kai 10.7 kowane ɓangare, makaɗi zai ji hannunsa ya riga sautin. In ka rage bafa laftof ta ɗau zafi, ta rage gudu da kanta, sauti ya fara tatsitsi ana tsakiyar waƙa. A ɗaki mai sanyi Ableton ta yi. A filin biki a Mabera ko Arkilla, ƙarƙashin rumfa da janareta a gefe, akwatin Boss ya fi kwanciyar hankali.

Mai saye daga Kano ko Alaba ta Legas, musamman wadda aka yi amfani da ita, ya sa a gwada masa maɓallan layuka biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya ja kowace sanda sama da ƙasa yana saurare, ya kuma tabbata adaftar asali ce aka haɗo masa.