Tamiflu Ga Wanda Aka Yi Wa Dashen Ɓargo

Tamiflu, wato oseltamivir, shi ne maganin da likitoci kan fara bayarwa idan infuluwenza (mura mai tsanani) ta kama wanda aka yi wa dashen ɓargo, kuma maganin ya cancanci hakan. Babba yana shan miligiram 75 safe da yamma. Kwana 5 da aka saba rubutawa sau da yawa ba sa isa a nan, domin garkuwar jiki ba ta farfaɗo ba, ƙwayar cutar takan daɗe tana hayayyafa. Shi ya sa akan kai kwana 10. Ko zazzaɓin ya wuce awa 48, a fara. Yana tayar da zuciya, a sha da abinci. Mai ciwon ƙoda kuwa dole likita ya rage masa. Inda Tamiflu ya gaza shi ne nau'in infuluwenza mai suna H1N1 kan bijire masa ana tsakiyar sha. Idan gwaji ya tabbatar, sai a koma wani maganin mai suna zanamivir.