Galileoscope: ƙaramin madubin da ke maimaita gwajin Galileo

Galileoscope madubin hangen taurari ne da ake sayarwa a warwatse cikin kwali, mai saye ya harhaɗa shi da hannunsa. Wasu masana taurari da malamai a Amurka ne suka tsara shi domin bikin 2009, shekarar da Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya cika shekara 400 da fara ɗaga madubinsa sama, kuma dala 15 aka sa masa a lokacin. Jikinsa roba ne, amma gilashin gaba na gaske ne, faɗinsa milimita 50, yana tattara haske a nisan milimita 500. Mai neman hotuna masu launi irin na intanet ya riƙe kuɗinsa. Wanda kuwa yake son ya ga hujjojin da suka girgiza tsohon ilimin sararin sama a 1610 da idonsa, da wuya ya sami abin da ya fi wannan a irin kuɗinsa.

Harhaɗawa ba ta buƙatar sukudireba ko gam. Bututun gida biyu ne, zoben roba ke riƙe su. Wurare uku ake yawan kuskure. Gilashin gaba guda biyu ne aka manne, kuma mai siririn gefe shi ke fuskantar sama. In aka juya shi, taurari za su fito da hazo. Sai notin da ake ɗaura madubin a kan ƙafa mai uku irin ta kyamara da shi, wanda dole a sa shi a raminsa kafin a rufe bututun, in ba haka ba sai an sake warware komai. Na uku shi ne gilashin ido, wato wanda ake leƙawa ta cikinsa, ƙanana huɗu na roba da ake jerawa biyu-biyu, shafaffen gefen kowane biyu yana kallon waje. A riƙe su ta gefe da takarda mai laushi, domin maiƙon yatsa yana dusashe su, gogewa kuma tana karce su.

Hanya uku ake kallo da shi. Babban gilashin ido mai milimita 20 yana ninka girma sau 25, wato 500 a raba da 20, yana nuna fili kusan digiri ɗaya da rabi, faɗin cikakken wata sau uku. Akwai ƙaramin bututu da ke kai shi sau 50. Duk waɗannan bisa tsarin da masanin taurari Kepler ya bayyana ne a 1611, mai gilashi mai tudu a wajen ido, shi ya sa hoton ke fitowa kife. Ba lalacewa ba ce, kuma a kallon sama ba ta hana komai.

Hanya ta uku ita ce ta fi komai daraja a cikin kwalin, ko da yake ita mutane suka fi saurin ajiyewa. Ana mai da gilashin da ke cikin ƙaramin bututun nan ya zama gilashin ido irin na Galileo, mai rami, ya ninka sau 17. Hoton ya miƙe daidai, amma filin ya tsuke, sai ka ce ana leƙe ta ƙofar allura. Ɗaya daga maduban Galileo biyu da ke ajiye a gidan tarihi na Fulorens, Italiya, yana ninka kusan sau 20, ramin shigar haskensa milimita 15 kacal, abin da yake nunawa kuma bai wuce rabin faɗin wata ba. Mai son ya ɗanɗana wannan wahalar ya yanke kwali, ya huda rami mai milimita 15, ya rufe gaban madubin da shi. Hasken zai ragu kusan sau 11. Daga nan ne mutum zai daina yi wa malaman da suka yi shakkar Galileo kallon wawaye, domin gano duniyar Mushtari (Jupiter) ma a wannan ƙuntataccen fili aiki ne, balle a yarda cewa ɗigon da ke gefensa ba aibin gilashi ba ne.

A fara da wata, amma ba daren da ya cika ba. Daga kwana biyar zuwa tara da tsayuwarsa, a dubi iyakar haske da duhu, inda inuwar duwatsu ke miƙewa kuma ƙololuwa ke haskawa a cikin duhu. Da wannan Galileo ya kafa hujja cewa wata ba sumul yake ba kamar yadda mabiya Aristotle suka koyar, har ya ƙiyasta tsayin duwatsun daga nisan ƙololuwar da iyakar haske.

Mushtari shi ne babban darasi. Ranar 7 ga Janairu 1610 Galileo ya ga ɗigo uku a jere kusa da shi, ranar 13 ya ga huɗu, a watan Maris ya buga labarin a littafinsa Sidereus Nuncius. A ninki 25 duka huɗun suna fitowa tsaf, sai dai in ɗaya ya shige gaba ko bayan Mushtarin. Kallon dare ɗaya ba ya koyar da komai. A zana su kowane dare, a lokaci guda, har mako biyu zuwa uku, a auna nisan kowane da faɗin Mushtari kansa. Ɗigon huɗun nan watanni ne da ke zagaya Mushtari: Io yana zagayawa cikin kwana 1.8, Europa 3.6, Ganymede 7.2, Callisto 16.7. Ga inda lissafi ke shigowa: Callisto ya fi Io nisa daga Mushtari kusan sau 4.46, ya fi shi daɗewar zagaye sau 9.43. A ninka 4.46 da kansa sau uku, a ninka 9.43 da kansa sau biyu, duka za su faɗo kusa da 89. Dokar Kepler ta uku ke nan, ta 1619, wadda Newton ya nuna a 1687 cewa daga ƙarfin jan nauyi take fitowa. Ɗalibi zai iya kusantar wannan da fensir da haƙuri.

Zahra (Venus) tana buƙatar kallon watanni da ninki 50. Tana sauya kama kamar wata, ƙarama kusan cikakkiya in tana can bayan rana, babba siririya in ta matso. Tsohon tsarin Batlamiyus (Ptolemy), inda komai ke zagaya ƙasa, ba ya iya samar da wannan. Amma malami ya kiyaye, kada ya ce wa ɗalibai hakan ya tabbatar da maganar Copernicus ta 1543 cewa ƙasa ce ke zagaya rana. Tsarin Tycho Brahe, inda ƙasa ke tsaye, rana na zagaya ta, sauran duniyoyi na zagaya rana, shi ma ya dace da abin da aka gani. Zoben duniyar Zuhal (Saturn) yana fitowa ɗan mitsitsi a ninki 50, sai a shekarun da ya juyo mana gefe, abin da ke faruwa kusan duk shekara 15, kuma shi ya rikita Galileo a 1612.

Babban aibin kayan shi ne ba ya zuwa da ƙafa. A hannu, ko a ninki 25, komai rawa yake yi. Notinsa irin na kyamara ne, don haka ƙafar kyamara mai uku za ta shiga, amma a nemi mai nauyi da tsayi, domin kallon abin da ke tsakiyar sama yana sa mutum durƙuso da ciwon wuya. Saiti ma da turawa da ja ake yi, ba da murɗa maɓalli ba, kuma yana yawan zarcewa. A riƙa murza bututun a hankali yayin turawa. Saboda juyawar ƙasa, digiri 15 a awa, tauraro yana ƙetare filin cikin kamar minti shida a ninki 25, uku a ninki 50. Bakin gilashin ido inci 1.25 ne, ma'aunin da yawancin maduba ke amfani da shi, saboda haka in na roban sun karce ana iya sa na gilashi.

Kada a taɓa nufa shi ga rana, ko na ƙiftawar ido. In babu matatar hasken rana, hasken da gilashi mai milimita 50 ya tattara yana ƙona ido nan take, ya narkar da gilasan roban. In yara za su yi amfani da shi da rana, babba ya tsaya a kansu.