Zanen hanya a kwamfuta: abin da na tarar a Ingila

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, ga amsar tambayarka a kan kayan aikin da muke zana hanya da su a nan, da ko akwai wata manhaja ta musamman da ba ta iso muku ba.

Babu. Civil 3D ɗin nan ta kamfanin Autodesk da kake fama da ita, ita ce a gabana kullum. Wasu ofisoshin sun fi son OpenRoads ta kamfanin Bentley, amma tsarin aikin ɗaya ne: ka gina fuskar ƙasa, ka ja layin tsakiyar hanya, ka tsara hawa da gangararta, ka ɗora mata faɗin titi da kafaɗu da lambatu, sannan ka sa manhajar ta yanka maka ita a gicciye duk bayan mita 10 ko 20. Lasisi kuwa haya ne. Tun 2016 Autodesk ta daina sayar da lasisin dindindin, don haka a nan ma kamfani biya yake yi shekara-shekara. Ɗalibi yana iya samun na karatu kyauta, sai dai ba a yarda ya yi aikin kuɗi da shi ba.

Inda suka yi mana nisa shi ne bayanan ƙasar kanta. Hukumar kula da muhalli ta Ingila tana tura jiragen sama su auna tudu da kwari da hasken leza, kuma tun 2015 ta saki wannan awo kyauta ga kowa. Ka shiga shafinsu, ka zaɓi wurin da kake so a taswira, ka sauke. Kowane murabba'in mita ɗaya yana da tsayinsa, kuskuren kuma hukumar ta ce bai wuce wajen santimita 15 ba. Iri biyu suke bayarwa: wanda ya haɗa da rufin gidaje da kan bishiyoyi, da wanda aka share waɗannan aka bar ƙasa zalla. Na biyun ake zana hanya a kai. Holan ma tana da irin nata, mai suna AHN.

Yanzu kwatanta da SRTM, awon tudu da kwarin ƙasa da aka ɗauko daga sararin samaniya, wanda ka ce da shi kuke fara aiki. Kumbon Endeavour na Amurka ne ya ɗauko shi da na'urar rada a watan Fabrairun 2000, kuma na Afirka mai tazarar mita 30 sai a 2014 aka sake shi. Titi mai hannu biyu a ma'aunin Ingila faɗinsa mita 7.3 ne. Ka haɗa da kafaɗu da lambatu, duka sun shige cikin ɗigo ɗaya na SRTM har da saura. Kuskuren tsayinsa kuma ana lissafa shi da mitoci, ba santimita ba, ga shi yana ɗaukar kan bishiya a matsayin ƙasa. Manhaja ba ruwanta. Za ta haɗa ɗigogin da alwatika, ta fitar maka da yankan gicciye mai kyan gani, da launi da lambobi, har da jadawalin tono da ciko. Tela ne ya ɗinka riga bai ga mai ita ba.

Lissafin ƙasar da za a tona ko a cike daga waɗannan yanka yake fitowa: a haɗa girman fuskar yanka biyu da ke jere, a murabba'in mita, a raba biyu, a ninka da tazarar da ke tsakaninsu. Idan faɗin aikinka mita 12 ne, tsawonsa kilomita ɗaya, kuma fuskar ƙasarka ta kauce da rabin mita kacal, ka yi kuskuren ƙasa kubik mita 6,000. Ɗan kwangila zai gano hakan ranar da tifofi suka fara jigila, daga nan kuma sai rigima. A ganina SRTM na zaɓen inda hanya za ta bi ne da duba inda ruwa ke taruwa, iyakarsa ke nan.

Kada kuma ka ɗauka awon leza ya kori safiyo a nan. Ana karkata fuskar titi da kashi 2.5 cikin ɗari don ruwan sama ya gangara gefe. A hannu ɗaya mai faɗin mita 3.65, bambancin tsakiya da baki santimita 9 ne kawai, wato bai ma kai kuskuren awon jirgin ba. Haske kuma ba ya ganin ƙarƙashin ruwa, ba ya ganin kwalbatin da ke binne, sai ka ga hanya ta tsaya a kwamfuta tamkar ta tare rafi. Saboda haka kafin zanen ƙarshe dole safiyo ya fita ya ɗauki bakin titi, tsakiyarsa, ƙasan lambatu da gindin tudu a matsayin layuka, ba ɗigogi warwatse ba. Ka shigar da layukan nan, alwatikan su daina tsallaka lambatu. Na ga yanka guda kafin shigar da su da bayan an shigar: da farko lambatun ya shafe sumul, daga baya ya fito da kwarinsa da gaɓarsa biyu.

Wani abin da suke tsanantawa shi ne ma'aunin tsayi. Duk tsayi a nan ana danganta shi da matsakaicin tsayin teku da aka auna a tashar Newlyn. Tsayin da na'urar GPS ke bayarwa kai tsaye daban yake, kuma a nan tazararsu ta kai wajen mita 50. Kafin ka haɗa fayil biyu, ka tambayi wanda ya ba ka a kan wane ma'auni ya ɗauka.

Idan lasisi ya gagara, sauke QGIS. Kyauta ce, tana buɗe waɗannan fayiloli, tana fitar da layukan tsayi, kuma tun fitowar 3.26 a 2022 tana nuna yankan ƙasa a kan duk layin da ka ja. Ba za ta gina maka hanya ba. Idan kuma za ka turo min aikinka in duba, fitar da fuskar ƙasa da layin tsakiya a tsarin LandXML, nau'in fayil da manhajojin zanen hanya ke musayar bayanai da shi, ka haɗa da ɗanyen awon safiyon. Ka gaida mutanen gida.