Hattara da mai tallan injekshan na tsofaffin motoci a Facebook, ya fara cin mutanenmu a Kumasi

Salamu alaikum jama'a, musamman ku masu riƙe da tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, Benz 200 da 230 na da, Datsun, Land Cruiser mai kafireta da sauransu. Akwai wani mutum da ke yawo da talla a Facebook da guruf guruf na WhatsApp wai yana kawo na'urar injekshan daga Amurka wadda za a cire kafireta a ɗaura ta, mota ta daina shan mai, ta riƙa tashi bugu ɗaya ko da asuba. Mutumin nan ɗan damfara ne, ya ci kuɗin kawuna a nan Aboabo, ya ci na wani bawan Allah a Asawase, kuma na ji ya fara laluben mutanen Nima da Madina. Ba zan sa suna ko lamba ba domin sunan shagon canja shi yake yi kamar riga, layukan ma da sunayen mutane daban daban aka yi musu rajista, ina iya sa sunan wanda bai ji ba bai gani ba. Salon aikinsa zan faɗa muku, shi ne ba ya canjawa.

Shi dai abin da yake fakewa da shi gaskiya ne akwai shi. Kamfanoni irin su Holley suna da Sniper, akwai FiTech, akwai Edelbrock mai Pro-Flo, duk ana ɗaura su a tsofaffin motoci a Amurka kuma suna aiki. Hotunan waɗannan yake kwasowa daga intanet ya liƙa a shafinsa, ya rubuta wai yunibasal ne, kowace mota yana shiga, babu canjin famfon mai, babu walda, awa biyu an gama. Farashi sidi 4,500. Wanda ya san kayan nan daga nan ma zai tsaya, domin na asalin a can Amurka kuɗinsa ya kai dala 1,000 zuwa sama in za ka haɗa da famfo da tiyo, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na kwastan ba. Ku buga lissafi da canjin yau ku gani. Araha dai ba ta ado.

Kawu yana da 504 ɗinsa tun muna yara, ba ya sayarwa ba ya bayarwa, ranar Juma'a da ranar salla yake fitowa da ita, to kafiretar Solex ɗin ta tsufa, sulo ba ya zama, da safe sai an yi ta fama. Da ya ga tallan sai ya yi wa mutumin magana, shi kuwa baki kamar ya haɗiye zuma, Baba Alhaji kaza Baba Alhaji kaza, har da cewa shi ma ɗan Zango ne iyayensa suna Tafo, Hausa tsaf a bakinsa. Ya ce a tura rabin kuɗi ta MoMo kaya suna Tema. Da kawu ya zo turawa sunan da ya fito na mace ne, ya tambaya, aka ce ai matata ce ke riƙe da asusun shago. Bayan an tura sai labari ya canja, wai kwastan sun riƙe kwantena sai an ƙara sidi 800, aka ƙara. Da kawu ya fara ɗaga murya yana cewa a maido masa kuɗinsa sai ga kwali an aiko ta motar Accra, kun ga wayon ke nan, ba ya gudu nan take, yana aiko maka da wani abu domin ka cika sauran kuɗin kuma in magana ta je wajen 'yan sanda ya ce ai ciniki aka yi kaya ma sun iso.

Ni na ɗauki kwalin na kai Suame Magazine wajen mastan da ke duba motar tun da daɗewa. Yana buɗewa warin fenti ya bugo mu, an fesa wa abin ruwan azurfa har kan kusoshi da bakin totur, wani wurin ma bai gama bushewa ba yana kama yatsa. Masta ya ɗauki sukundireba ya kankare gefe ɗaya sai ga tambarin GM da lambar kaya sun fito, ya yi dariyar takaici ya kira yaronsa ya ce je ka bayan shago ka ɗauko min na Astra ɗin nan. Aka ajiye su gefe da gefe, abu ɗaya ne sak. Ashe kan injekshan ne mai nozul ɗaya na tsohuwar Opel Astra mai injin 1.6, irin waɗanda suka yi tasi a garin nan har suka gaji, wanda in ka shiga layin masu hom yus, wato tsofaffin kayan mota da ake kawowa daga waje, za ka same shi a zube a ƙasa. Kwantirol bod ɗin kuwa har da rubutun alƙalamin maka na masu yanka mota a jikinsa, wayoyin an datse su da fulaya an naɗe da baƙin salatif, ita kuma 'yar allon da aka ce da ita ake saita komai, irin abin nan ne da ake soka wa motocin zamani a ƙarƙashin sitiyari yana nuna gudu da zafin injin, 504 ko ramin da za a soka shi ba ta da shi. Masta ya kira kawu a waya ya ce Alhaji ka yi haƙuri, wannan ko kyauta aka ba ka ban ɗaura maka.

Kawu ya kira mutumin, buɗar bakinsa sai ya ce ai ba zai yi aiki ba sai an sayi lambar buɗewa daga kamfani, sidi 600. Ƙarya ce tsagwaronta. Na asalin ba a buɗe shi da wata lamba, kana haɗa waya allon hannunsa zai tambaye ka silinda nawa, girman injin nawa, sulo nawa kake so, da wasu 'yan tambayoyi irin waɗannan, shi ke nan, manhajar Holley ta kwamfuta ma kyauta ake saukewa a shafinsu. Da ya ga ba za a ƙara ko pesewa ba ya toshe kawu, bayan kwana kaɗan shafin ya dawo da sabon suna da hotuna iri ɗaya, har masu yabon da ke ƙasa su ne dai, wai na saya na ji daɗi Allah ya saka, ka shiga shafukansu ba hoto ba aboki.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku karanta da kyau, domin in ka san yadda abin yake aiki tambaya biyu ta isa ka kama shi. Na farko famfon mai. Kafireta mai take karɓa a hankali, famfon da ke jikin injin yana turo mata abin da bai wuce psi 3 zuwa 7 ba (psi ma'aunin ƙarfin turin mai ne), iska ce ke jan man da kanta. Injekshan irin su Sniper kuwa fesa mai yake yi da ƙarfi, yana son wajen psi 58, tsohon famfonka ko kusa ba zai kai ba. Dole sai famfon lantarki, a cikin tanki ko kusa da shi, da filta biyu ɗaya kafin famfo ɗaya bayansa, da tiyo mai ɗaukar wannan ƙarfin, kuma yawanci da layin da zai maida ragowar mai tanki. Duk wanda ya ce maka ba sai an taɓa famfo ba, ko bai san abin da yake sayarwa ba ko ya sani sarai yana so ya cuce ka. Kuma wannan wurin ba na wasa ba ne wallahi, in wani ya sa maka famfo mai ƙarfi a kan tsohon tiyon roba da ya shekara talatin yana shan zafi, ranar da ya tsage fetur zai yi feshi a kan salansa mai zafi, ba kuɗi kaɗai za ka rasa ba.

Na biyu sensa ta salansa. Abin da ake kira wai na'ura tana koyo da kanta, ba sihiri ba ne, sensa ce ake huda salansa a yi walda a ɗaura ta, tana shinshinar hayaƙi tana gaya wa kwamfutar mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ita kuma tana gyarawa ta kai shi kusa da iska kashi 14.7 mai kashi 1 in ana tafiya daidai. Ta kayan kirki irin Bosch LSU 4.9 ce mai wayoyi da yawa, ba 'yar mai waya ɗaya ta tsofaffin Opel ba. Akwai kuma sensar zafin ruwa, domin sai injin ya ɗau zafi sama da digiri 70 kafin koyon ya fara. A kwalin kawu babu ko ɗaya daga cikinsu. Shi kwantirol bod na Astra an rubuta masa lissafin injinsa ne tun daga masana'anta, bai san wata 504 ba kuma ba zai koya ba har tashin ƙiyama.

Maganar yunibasal ma ku ajiye ta. Hoton da ya fi sawa na mai baki huɗu ne wanda aka yi domin manyan injinan V8 na Amurka, yana ɗaukar har ƙarfin doki 650, ita kuwa 504 mai lita 2 ba ta kai doki 100 ba, ramukan kusoshin ma ba su zo ɗaya da manifol ɗinta ba. Akwai ƙanana masu baki biyu da baki ɗaya, amma su ma sai an duba zaman su an yi adafta, an duba ko altanetar za ta iya ɗaukar famfo da kwamfuta, an ja waya kai tsaye daga batir, an wanke tanki in ya yi tsatsa domin ƙwayar tsatsa ɗaya tana toshe nozul. Akwai masu bin hanyar Megasquirt ko Speeduino, wato kwamfutar injin da mutum ke saitawa da kansa, sun fi sauƙin kuɗi amma sai kana da mutum mai laftof da ya iya saiti, ya zauna a gefenka kuna zagaya gari yana gyara lissafi, kuma irin waɗannan mutanen ba su da yawa ko a Suame ɗin.

Ni a ganina ma yawancin motocin nan namu ba injekshan suke nema ba. Motar da ake fitowa da ita sau ɗaya a mako, yaushe man da za ta rage zai biya kuɗin kayan? Masta ya kwance kafiretar kawu ya wanke ya canja fakin da allura, ya tarar dilko ma ya yi wasa ya gyara, ya sa sabbin filogi, yanzu tana tashi lafiya lau kuma abin da aka kashe bai kai kuɗin kwastan na ƙarya da aka tura ba. Wanda yake son ƙarin kwanciyar hankali ya cire fayint ya sa wutar lantarki irin Pertronix ko 123ignition, ko ya nemi Weber 32/36 mai kyau in ta dace da injinsa. Wanda kuma ransa ya kafe a kan injekshan, ba laifi kuɗinsa ne, amma ya sayo daga shafin kamfanin ko dilan da kamfanin ya lissafa, ko ya sa ɗan'uwa a Amurka ko Jamus ya saya da rasit ya aiko, kuma kafin nan ya nemo wanda zai ɗaura tukuna ya ga motar da ya taɓa yi da idonsa.

In kun ci karo da mutumin nan ko mai irin halinsa ku ce ya kira ku ta bidiyo ya buɗe kwalin a gabanku ya nuna sensar salansa da lambar da ke jikin kayan, ku ce ku haɗu a Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, ko Suame a gaban makanikinku a biya hannu da hannu, za ku ji ya ce yana Takoradi ko netwok ba kyau. Hoton kayan da ya liƙa ku sa a Google Lens za ku ga shagon Amurka da aka sato shi. Sunan MoMo in bai zo ɗaya da wanda kuke magana da shi ba ku tsaya nan.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kar ya goge komai don haushi ko kunya, ya ɗauki hoton hirar da saƙon MoMo mai lambar ciniki, ya kira kamfanin layinsa nan take, ya kira 292 na hukumar tsaron intanet ta Ghana, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Mu mun kai tamu tare da mutumin Asawase, kwalayen biyu suna can a matsayin shaida, nasa ma kan Astra ne sai dai shi baƙin fenti aka fesa masa. In akwai wanda abin ya shafa a Kumasi ko Accra ya yi min magana ta inbos a haɗa takardun wuri ɗaya, kuma don Allah ku tura wannan guruf ɗin direbobi da na masallatai, dattawa ya fi nema.